Makomar Da Aka Sayar A Cikin Kwali

A ranar 1 ga Disamba, 1958, mujallar Aviation Week ta Amurka, wadda injiniyoyi da hafsoshin sojan sama ba sa bari ta wuce su, ta fito da wani labari mai tayar da hankali. Ta ce Tarayyar Sobiyet ta fara gwajin jirgin jefa bama-bamai mai aiki da makamashin nukiliya, irin jirgin da ake hasashen zai iya shafe kwanaki yana shawagi ba tare da ya sauka shan mai ba. Ta haɗa labarin da zane: dogon jiki siriri kamar mashi, fukafukai masu kusurwa uku, da injuna huɗu. Shugaba Eisenhower ya fito ya ce babu wata ƙwaƙƙwarar hujja a kan haka, amma magana ta riga ta bazu. A 1959 kamfanin Aurora na jihar New York ya zuba wannan jirgi da roba, ya sa shi a kwali mai ƙayataccen hoto, ya kai kantuna. Yaran Amurka suka saya, suka harhaɗa shi da gam, suka rataye a saman gadajensu.

Jirgin bai taɓa wanzuwa ba. Abin da Rashawa ke ƙerawa a lokacin shi ne Myasishchev M-50, wanda man jirgi na yau da kullum yake sha. Bai ma tashi ba sai a watan Oktoba na 1959, bai taɓa wuce gudun sauti ba duk da cewa don haka aka zana shi, kuma yau yana jibge a gidan adana jirage na Monino kusa da Mosko. Wato ɗan jirgin roban ya riga na gaskiya fitowa, ya fi shi yaɗuwa, ya kuma fi shi cika alkawari, domin a kan kwali babu jirgin da ke gazawa.

Irin waɗannan kwalaye na shekarun 1950 zuwa 1970 sun zama kayan tarihi masu tsada a hannun masu tara su. Tare da su kuma wani kuka ya girma, kukan cewa akwai wata makoma mai kyau da aka yi wa duniya alkawari aka kuma saɓa. Attajirin fasaha Peter Thiel da abokan jarinsa sun taƙaita kukan a 2011, inda suka yi ƙorafin cewa motoci masu tashi aka sa rai, sai aka ƙare da gajerun saƙonnin intanet. Masu wannan ra'ayi na nuna jiragen roban nan masu tsinin hanci a matsayin shaidar zamanin da mutane ke da buri da zurfin tunani. Wannan kuka a kan gawar da ba ta cancanta ba ake yin sa. Akasarin abin da ke cikin kwalayen nan hoton makaman Yaƙin Cacar Baka ne da aka sauya wa suna da fenti. Sun koya wa ƙarni guda cewa ana gane ci gaba da ido, ta tsinin hanci da tsananin gudu, kuma wannan darasi ya ci kuɗi, ya ci rayuka, har yau kuma ana cin kasuwa da shi.

Abin da ke cikin kwalin

Ga wanda bai taɓa riƙe ɗaya ba, abin mai sauƙi ne. Ana narka roba a tura ta da ƙarfi cikin ƙarfen zubi, sai ta fito a matsayin gutsattsarin jirgi manne a jikin firam: rabin jiki na dama, na hagu, fukafukai, tayoyi, har da ɗan matuƙi. Mai saye ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya bi lambobin da ke takardar bayani, ya manne, ya yi fenti, ya liƙa tambura. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa ya san daɗin wannan aiki, sai dai shi da kansa yake tsara motarsa. Mai kwali kuwa an riga an tsara masa komai, nasa bin umarni.

Sana'ar tana da tushe a yaƙi tun kafin ta zama wasa. A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako, a ma'aunin ɗaya bisa 72, domin koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba daga nesa. Bayan yaƙi roba ta maye gurbin katako. Revell a Kalifoniya, Monogram a Chicago, Aurora a New York da Airfix a Ingila suka mamaye kasuwa, har ta kai Airfix na sayar da jirgin Spitfire a kantunan Woolworths a kan sule biyu. Kamfanonin sun gane da wuri cewa hoton kwali ne ke ciro kuɗi daga aljihu, don haka suka ɗauki ƙwararrun masu zane irin su Roy Cross da Jack Leynnwood. A hannunsu kowane jirgi na ratsa gajimare cikin hasken rana, ba ɗigon mai, ba tsatsa, ba makaniki a kusa.

Iska ce ta zana su

Siffar da ake kira ta duniyar gobe tana da asali sananne, kuma ba daga kan marubuta ta fito ba. Sauti na tafiya da gudun kimanin kilomita 1,225 a sa'a a kusa da doron teku, ƙasa da haka a can sama inda ake tsananin sanyi. Muddin jirgi bai kai wannan gudu ba, iskar da ke gabansa na samun zarafin kauce masa. Da zarar ya kusance shi, iskar ba ta da lokacin kaucewa, sai ta cushe wuri guda kamar bango, turjiya ta ƙaru matuƙa, jirgi ya kama makyarkyata. Duk wata siffa ta jiragen da suka fi sauti gudu amsa ce ga wannan matsala guda.

Injiniyoyin kamfanin Bell sun san cewa harsashin babbar bindiga na wuce gudun sauti ba tare da ya karkace ba, sai suka ba jirginsu X-1 siffar harsashi. Da shi Chuck Yeager ya wuce gudun sauti a ranar 14 ga Oktoba, 1947. Fiffike mai karkata baya kuwa Bajamushe Adolf Busemann ne ya gabatar da shi a wani taro a Roma a 1935, shi kuma Alexander Lippisch ya yi suna a kan fiffike mai kusurwa uku. Dukansu biyu an kai su Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1953 samfurin farko na jirgin Convair F-102 ya kasa wuce gudun sauti a miƙe. Richard Whitcomb na cibiyar bincike ta Langley ya riga ya gano dalili: inda fukafukai suka haɗu da jiki, kaurin jirgi na ƙaruwa farat ɗaya, iska kuwa ba ta son haka. Aka matse ƙugun jirgin kamar kwalbar Coca-Cola, a watan Disamba na 1954 ya wuce.

Daga nan aka shiga tsere. Kelly Johnson na kamfanin Lockheed ya fito da F-104 Starfighter a 1954, dogon bututu mai gajerun fukafukai masu kaifin da sai an sa musu mayafi a ƙasa don kada su yanki ma'aikata. B-58 Hustler, mai ninka gudun sauti sau biyu ɗauke da bam ɗin nukiliya, ya tashi a 1956. XB-70 Valkyrie, fari tas mai injuna shida da dogon wuya kamar zalɓe, ya tashi a 1964, aka kuma tsara shi don ninka gudun sauti sau uku. Kowane lanƙwasa a jikinsu akwai lissafi a bayansa, kuma kusan dukansu aikinsu guda ne: kai bam cikin gaggawa, ko tare mai kawo shi.

Daga sansanin soja zuwa allon talabijin

Masu shirya fina-finan ƙagaggun labaran kimiyya sun kwashi wannan siffa kai tsaye, wani lokaci ma da hannu. A ɗakin aikin Gerry Anderson a Ingila, inda aka yi shirin Thunderbirds na 1965, Derek Meddings da ma'aikatansa kan sayo kwalayen jirage irin su F-104 da B-58, su ciri fiffike nan, su ciri inji can, su haɗa sabon jirgi wanda za a ce na ƙarni mai zuwa ne. Shirin da ya biyo baya, Captain Scarlet na 1967, ya kawo jirgin Angel Interceptor mai hanci kamar allura, Airfix kuma ya mayar da shi kwali. Da'irar ta rufe ke nan: jirgin soja ya zama roba, robar ta zama jirgin fim, jirgin fim ya sake komawa roba.

A Japan kamfanin Imai ya yi cinikin Thunderbirds na fitar hankali, da zanen kwali na Shigeru Komatsuzaki, kafin ya durƙushe a 1969 kamfanin Bandai ya gaji kayan aikinsa. A 1982 Shoji Kawamori ya zana jirgin VF-1 na shirin Macross, wanda kamanninsa da F-14 Tomcat na sojan ruwan Amurka ba ya ɓoyuwa, ya kuma raɗa masa suna Valkyrie don girmama XB-70. Jirgin da jaruman X-Men ke hawa a littattafan zane SR-71 ne na leƙen asiri da aka yi wa kwaskwarima. Jirgin sarauniyar Naboo mai sheƙin azurfa a fim ɗin Star Wars na 1999 ma yana kama da SR-71. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, kumbon fasinja mai suna Orion, wanda Aurora da Airfix suka sayar a kwali, na ɗauke da tambarin kamfanin Pan Am. Kamfanin ya ma buɗe rajistar masu son zuwa wata, mutum sama da 90,000 suka sa suna. Pan Am ya rufe a 1991.

Aro ba laifi ba ne, kowace fasaha na yi. Laifin yana wajen kiran kayan aro da sunan hangen nesa. Wanda ya ɗauki jirgin yaƙin 1956 ya yi masa jan fenti ya ce na shekarar 2065 ne, iyakar abin da ya nuna shi ne ya kasa tunanin wata duniya da ta wuce wadda ma'aikatar tsaro ke biyan kuɗin ƙerawa a zamaninsa.

Inda babu iska

Babban kuskuren ya fito fili lokacin da aka kai wannan siffa sararin samaniya. Tsinin hanci, matsattsen ƙugu da karkataccen fiffike duk maganin turjiyar iska ne. A sararin samaniya babu iska, saboda haka fiffike a can nauyi ne kawai da aka ƙona mai don ɗaga shi. Duk da haka X-wing na Star Wars, da Viper na Battlestar Galactica wanda Monogram ya sayar, suna karkata suna juyi da ruri kamar jiragen 1944. George Lucas bai ɓoye ba cewa da hotunan faɗan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara faɗace-faɗacen fim ɗinsa.

Abin takaicin shi ne injiniyoyi sun san gaskiya tun kafin a zuba yawancin waɗannan kwalaye. A farkon shekarun 1950, H. Julian Allen na cibiyar Ames ya nuna cewa abin da ke dawowa duniya daga sararin samaniya, idan hancinsa mai tsini ne, zafi zai taru a kansa ya narkar da shi. Mai faffaɗan goshi kuwa yana tura matsattsiyar iska gaba, ta tafi da akasarin zafin. Shi ya sa kumbunan Mercury, Gemini da Apollo suka fito kamar ƙararrawa ko mazurari, suna shigowa da gindi. Kumbon da ya sauke Neil Armstrong a kan wata a 1969, wanda kamfanin Grumman ya ƙera, kama yake da gizo-gizo mai ƙafafu huɗu sanye da takardar gwal. Babu wani mai zanen kwali da zai zaɓi wannan siffa da son ransa, amma ita ce ta je ta dawo da mutane.

Sau ɗaya Amurka ta bi hoton kwali da gaske. Kumbon Space Shuttle, wanda ya yi tafiya 135 tsakanin 1981 da 2011, ya sami manyan fukafukai masu kusurwa uku, kuma babban dalili shi ne rundunar sojan sama ta buƙaci ya iya karkata nesa daga hanyarsa yayin saukowa. Biyu cikin biyar da suka je sararin samaniya sun tarwatse, mutum 14 suka mutu. Na biyun, Columbia, rauni a gefen fiffike ne ya hallaka shi a 2003. Da aka yi ritayar sauran, Amurkawa sun shafe shekara tara suna biyan kuɗin kujera a Soyuz na Rasha, ƙararrawar da ke aiki tun 1967, kafin su koma ƙera tasu ƙararrawar.

Abin da hoton kwali ya ɓoye

A ranar 8 ga Yuni, 1966, aka jera jirage biyar a sararin Kalifoniya domin ɗaukar hoton talla ga kamfanin General Electric, wanda ya ƙera injunansu duka. XB-70 na tsakiya. F-104 da Joe Walker ke tuƙawa, ɗaya daga cikin ƙwararrun matuƙan gwaji na hukumar NASA, ya matso kusa da fiffikensa, guguwar da ke bin fiffiken ta fizge shi, ya birkice ta saman babban jirgin ya sare masa wutsiya. Walker ya mutu nan take. Carl Cross, mataimakin matuƙin XB-70, ya kasa fita, ya faɗi tare da jirgin. Biyu kacal aka ƙera, ɗaya ya tafi a kan hoto. Tun kafin wannan rana ma aikinsa ya riga ya mutu, domin harbo jirgin U-2 na Gary Powers a ranar 1 ga Mayu, 1960, ya nuna cewa makami mai linzami na iya cimma jirgi komai nisansa a sama. A 1961 gwamnatin Kennedy ta fasa sayen sa a matsayin jirgin yaƙi. A shekarar ce kuma ta rufe shirin jirgin nukiliya na Amurka, bayan an kashe kimanin dala biliyan ɗaya ba tare da jirgi ko ɗaya ya tashi da ƙarfin nukiliya ba.

F-104, wanda ba a cika samun yaron da ke tara kwalaye bai mallake shi ba, kyan ɗan maciji ne. Jamus ta Yamma ta sayi 916, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku a haɗurra, matuƙa fiye da 100 suka mutu, har Jamusawa suka laƙaba masa sunan mai mayar da mata zawarawa. B-58 kuwa an ƙera 116, haɗari ya ci 26, aka yi masa ritaya a 1970 bayan shekara goma kacal yana aiki.

Na ƙasa ma sun ɗanɗana. Jirgin da ya wuce gudun sauti yana jan wata ƙara mai kama da tsawa a duk tsawon hanyarsa. A 1964 hukumomin Amurka suka mayar da birnin Oklahoma zakaran gwajin dafi: wata shida ana sakar wa mazauna wannan tsawa, har sau 1,253, don a ga ko za su saba. Tagogi suka farfashe, bango ya tsattsage, koke-koke suka shigo dubbai. A 1971 majalisar dokoki ta yanke kuɗin Boeing 2707, jirgin fasinja mai wuce sauti da Amurka ta ƙwallafa rai a kansa, a 1973 kuma aka haramta wa jiragen farar hula irin wannan gudu a kan ƙasar Amurka. Boeing 2707 bai wuce gunkin nuni ba. Amma Revell ya riga ya sayar da shi a kwali, kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta Seattle ta riga ta ɗauki sunan SuperSonics saboda shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Jirgin da aka raina

A farkon 1969 jirage biyu suka yi tashin farko, sati uku tsakaninsu. Boeing 747 ya tashi a ranar 9 ga Fabrairu, Concorde na Faransa da Ingila ya tashi a ranar 2 ga Maris. Ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne Concorde da ire-irensa ne za su gaji sama. Boeing kansa ya yarda da haka, shi ya sa Joe Sutter da tawagarsa suka ɗora ɗakin matuƙa a saman bene, domin idan fasinjoji sun koma jirage masu gudu, a riƙa buɗe hancin 747 ana loda kaya. Tozon da aka san jirgin da shi shaidar wannan raini ce.

Ba a musun bajintar Concorde. Yana haɗa Landan da New York cikin kimanin sa'a uku da rabi. A ranar 30 ga Yuni, 1973, samfurinsa na farko ya tashi daga tsibiran Kanari ɗauke da masana taurari, ya bi inuwar husufin rana a kan Sahara ta saman Muritaniya, Mali da Nijar, ya riƙe duhun har minti 74 alhali na ƙasa ba su samu fiye da minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi ba, sannan ya sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Wannan aiki ne da babu wani jirgin fasinja da zai iya. Amma an ƙera 20 ne kawai, 14 suka ɗauki fasinja, kowanne da kujeru kusan 100. Masu biyan haraji a ƙasashen biyu sun zuba fiye da fam biliyan ɗaya domin attajirai su rage sa'o'i kaɗan a kan teku. Bayan haɗarin Yuli na 2000 kusa da Faris, wanda ya kashe mutum 113, aka yi masa ritaya a 2003. Takwaransa na Sobiyet, Tu-144, tafiyar fasinja 55 kacal ya yi.

Shi kuwa mai tozo an ƙera 1,574, na ƙarshe ya fita a farkon 2023. Shi ne ya sauko da kuɗin tikiti har talaka mai tari ya iya ƙetare teku. Dubban alhazan da suka tashi daga Kano zuwa Jidda a jiragen Kabo da Max Air, a cikinsa suka zauna. Idan ana neman jirgin da ya sauya rayuwar mutane a rabin ƙarnin da ya wuce, shi ne, kuma babu wani shirin ƙagaggen labari da ya ga ya isa a kwaikwaya. Sauri ya haifi nawa.

Hujjar masu kare su

Masu ƙaunar kwalayen nan na da hujja biyu, kuma ta farko tana da ƙarfi. Suna cewa yara da yawa sun zama injiniyoyi da matuƙa saboda jirgin roban da suka harhaɗa suna 'yan shekara goma. Gaskiya ne. Aikin na koyar da haƙuri, da karanta zane, da sanin cewa babban abu daga ƙananan sassa yake fitowa. Sai dai wannan fa'ida daga aikin hannu take zuwa, kuma kwalin tarakta ko na jirgin ruwa ma zai bayar da ita. Ga wanda ya ci gaba ya karanci lissafi, makaranta ta gyara masa kuskuren kwali. Matsalar tana wajen sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, da suka girma suka zama 'yan majalisa, 'yan jarida da masu zuba jari, suna ɗauke da hoton a kai ba tare da lissafin ba.

Hujja ta biyu ita ce wasa ne kawai, ba wanda ya ɗauke shi da gaske. Labarin F-19 ya ƙaryata wannan. A 1986, lokacin da ake raɗe-raɗin cewa Amurka na da jirgin sirri da na'urar hangen jirage ba ta iya gani, kamfanin Testors ya fitar da kwalin abin da ya kira F-19, sumul, mai santsin jiki kamar kifi. An sayi dubban ɗaruruwa, jaridu suka buga hotonsa, har a majalisa aka yi ta tambayar yadda sirrin ƙasa ya isa kantin kayan wasa. A watan Nuwamba na 1988 ma'aikatar tsaro ta nuna na gaskiya, F-117: baƙi, mai kusurwoyi da falalen fuskoki kamar an fasa dutse, kuma ko gudun sauti ba ya kaiwa. Siffarsa ta fito ne daga iyakar abin da kwamfutocin shekarun 1970 ke iya lissafawa. An karɓi na roban hannu bibbiyu saboda ya yi daidai da abin da shekara talatin na kwalaye suka koya wa ido.

Wannan ido har yanzu ana kasuwanci da shi. Kamfanin Aerion ya shafe shekaru yana nuna zanen jirgin attajirai mai wuce sauti, ya karɓi odar biliyoyin daloli a takarda, ya rufe a 2021 bai ƙera ko ɗaya ba. Kamfanin Boom ya fi shi nisa, domin ɗan jirgin gwajinsa XB-1 ya wuce gudun sauti a watan Janairu na 2025, a watan Yuni na shekarar kuma fadar shugaban Amurka ta ba da umarnin a janye haramcin 1973. Babban jirginsa Overture, wanda kamfanonin United da American suka yi odarsa, ya shiga shekarar 2025 yana nan a zanen kwamfuta, bayan Rolls-Royce ya janye daga maganar injinsa a 2022. Yana iya tashi wata rana. Amma tambayoyin da suka kayar da Concorde suna nan inda aka bar su: man da kowane fasinja zai ƙona, kuɗin kujera, wanda zai ji ƙara a ƙasa, da wanda zai biya idan lissafi ya ƙi fita. Zanen kwamfuta ba ya amsa ko ɗaya, kamar yadda fentin Roy Cross bai amsa ba.

Wanda ke da tsohon kwalin Aurora ko Airfix ya adana shi, domin shaida ce mai daraja ta zamanin da tsoron bam da sha'awar gudu suka zama abu guda, har aka shigar da su ɗakin kwanan yara. Abin da bai kamata ba shi ne a mayar da shi ma'aunin auna abin da duniya ta samu ko ta rasa. Injiniyoyin da suka zana X-1 da XB-70 ba su taɓa zaɓar siffa don kyanta ba, abin da iska ta tilasta musu suka bi, kuma da iskar ta ce faffaɗan goshi, faffaɗan goshi suka yi. Mai son girmama su sai ya ɗauki wannan ɗabi'a: duk lokacin da aka ɗora masa hoton wani gagarumin aiki mai sheƙi a kan tebur, ya nemi a nuna masa injin, da kuɗin mai, da sunan wanda zai biya.